Ƙofar da Aka Auna da Tumbin Mai Unguwa

Shekarar da ƴan proje, masu ayyukan raya ƙasa, suka zo gyara filin wasan unguwarmu a Magariya, ɗiyata ce mai tsaron gida idan yara suna balo, wato ƙwallo. Shan inna ya cinye mata ƙafafu tun tana goye, amma hannunta ba ya kuskure. Kullum bayan lakwal, da an tashi karatu, takan tuƙo kekenta na hannu har tsakiyar fili, ta sauko, ta zauna tsakanin duwatsu biyu. Ban san wani wurin da take dariya irin wannan ba.

Aka kira taro, wai a ji shawarar kowa. Kuma an ji, wallahi, har da ta waɗanda rabonsu da gudu tun kafin a haife ni. Wani dattijo ya ce awaki sun dame shi, a kewaye da waya. Wani ya ce ƴan kabu-kabu sun mai da filin hanya, a yi ƙofar da moto, wato babur, ba zai ratsa ba. Na miƙe daga tabarmar mata na ce, "Don Allah a tuna da keken ɗiyata." Aka tafa mini sosai. Madam ɗin proje har da dafa ƙirji.

Ranar awo, maƙeri ya tambayi faɗin ƙofar. Mai unguwa ya ce ai ba sai an wahala ba, duk unguwa babu wanda ya kai shi tumbi, in ya wuce kowa ya wuce. Ya tsaya, aka soka ƙarfe dama da hagu, aka yi ta dariya. Ilimi ke nan.

Ranar buɗewa na yi mata kitso, ta sa atamfar Sallah. Kekenta ya kai bakin ƙofa ya cije. Muka gwada ta gefe, muka gwada da baya. Na ce zan ɗauke ta in shiga da ita, ta ce, "Inna, gaban mutane?" Sai ta ja gefe ta tsaya jikin waya, tana leƙen wani yaro da aka sa tsaron gida a madadinta.

Manyan baƙi suka fito ana ta godiya. Ɗaya daga cikinsu, mai babbar riga da tausayi, ya hango ta a bakin ƙofa, ya laluba aljihu, ya ajiye mata sadakar dala biyar ta sefa a cinya. Ta ɗago ta dube ni. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.