Albasar da Ta Ruɓe a Aliero

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, mu huɗu a motar ofis: ni, da shugabanmu, da direba, da magatakarda. Wata uku ke nan da aka ɗora ni a kan malaman gona na yankin Jega, bayan an yanko mu daga Sakkwato an ba mu sabuwar jiha. Ofis ɗaya muke cunkushe mu bakwai, kujera kuwa sai wanda ya riga zuwa.

Hanyar Kalgo ba ta da laifi, sai dai tun kafin gari ya waye shugaba ya fara. Direba ya yi gudu, faɗa. Ya rage gudu, faɗa. A tashar Jega muka karya da koko da ƙosai, mai ƙosan ta ce wake ya hau, shi ya sa ƙosan ya koma kamar ƙwan kurciya. Muka yi dariya, ban da shugaba. Manyan motoci jere ana ɗora buhunan albasa za a yi Kudu, warinta har cikin ido.

Abin da ya kai mu Aliero shi ne rumbun ajiyar albasa na zamani da ofishinmu ya gina a wani ƙauye kusa da Kashin Zama. Albasar da aka zuba ciki ta ruɓe, manoma suka ƙaurace masa. Malamin gonar wurin dattijo ne, ya fara aiki tun ina firamare. Ni na rubuta rahoton cewa sakacinsa ne, kuma daga kan teburina na rubuta, ban taɓa taka wurin ba.

Manoma sun cika gindin wata tsamiya. Shugaba ya miƙar da dattijon tsaye, ya dinga zazzaga masa Turanci, yana nuna shi da makullin mota. Mutanen ba su jin Turanci, amma wulaƙanci ba ya buƙatar tafinta. Sau biyu dattijon yana cewa, “Ranka shi daɗe, rufin kwanon nan ne,” ana katse shi. Wannan mutum shi ke halartar sunan 'ya'yansu, shi suke kira in tsutsa ta faɗa wa shuka. Ɗaya bayan ɗaya suka karkaɗe rigunansu suka tafi.

Na zame na leƙa rumbun. Ban iya minti biyu a ciki ba. Kwano a sama, taga ɗaya, zafi kamar tanda. Daf da shi ga rumfunan manoma na kara da ciyawa, iska na ratsawa, albasarsu garau. Haushi ya kama ni. Haushin shugaba, da haushin wanda ya zana rumbun, amma wanda ya fi ci na shi ne nawa, don da takardata ake yanka bawan Allah nan, ni kuwa na zame na bar shi.

Da muka dawo Jega shugaba ya shiga wata mota ya juya gida. Ya bar mini taron manoma da aka shirya a Maiyama, ya kuma ce in rubuta wa dattijon takardar tuhuma kafin Litinin. Magatakarda ya sayo balangu wajen mahauta, na kasa kai ko yanka ɗaya baki.

Hanyar Maiyama akwai ramuka, gefe da gefe gero ya yi kai. Kun san abin kunya? Direba ya faɗa wani rami, sai na ji na daka masa tsawa, da irin kalmomin shugaba, har da muryarsa. Ya kalle ni ta madubi, ya ci gaba da tuƙinsa. A taron ma haka na fara. Na tsaya da takarda ina ta ba da umarni, malamin gonar wurin ya sunkuyar da kai yana jiran rabonsa. Can wani tsoho mai carbi ya ɗaga hannu ya ce, “Yallaɓai, in ka ƙare ka hwaɗa muna, muna da aiki gona. Ku dai kullum da magana kuka zuwa, ba ku zuwa da kunne.”

Na ji zafin maganar ƙwarai. Na ninke takardar, na nemi gefen tabarma na zauna, na ce su gaya mini abin da ke damunsu. Tsohon mai carbi ne ya fara. Daga baya har suna katse juna: iri yana zuwa bayan shuka ta wuce, an ba su maganin feshi ba a nuna musu awo ba. Malamin da na ɗauka ba shi da baki ya zayyana komai dalla-dalla. Kafin mu tashi na ba direba haƙuri a gaban magatakarda.

Mun iso gida da la'asar sakaliya. Ranar Litinin na shiga wurin shugaba na ce ba zan rubuta tuhumar ba, laifin na rumbu ne da na rahotona. Ya yi ta faɗa har masinja ya leƙo. Ya ce to in rubuta hakan in sa hannu, a saka a fayil ɗina. Na rubuta, na sa. Dattijo yana nan bakin aikinsa, ni kuma an cire sunana daga waɗanda za su tafi kwas bana.

Har yanzu raina bai huce ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma tafiyar nan ta nuna mini cewa in ba ka zaɓi irin shugaban da za ka zama ba, wanda ka fi ƙi shi za ka kwaikwaya. Na ɗaukar wa kaina abu biyu: ba na rubuta komai a kan mutum sai na je na ji ta bakinsa, kuma ba na yi wa na ƙasa da ni gyara a bainar jama'a. Jibi zan koma Aliero a motar haya. Akwai dattijon da zan ba haƙuri a gaban mutanen da aka ci mutuncinsa.