Buhun takin da ya zama mangala

Tun shekarar da anka canza kuɗi ban ga ɓarna irin ta bana ba. Takin da na saya ya ƙone mini albasa ƙurmus.

Yau wakilin inshorar kamfanin takin ya zo Kajiji. Wai doka ta ce su biya diyya, amma sai na kawo buhun takin mai lamba.

Na ce, "Yaro, wa ka taɓa gani ya aje buhu a banza? Na ɗinka wa jakina mangala da shi."

Ya ce, "Baba, mangala ba hujja ba ce."

Jama'a, gonar da ta ƙone fa? Ku gaya mini.

Gobe da sassafe zan kora jakin har ofishinsu na Bodinga, su karanta lambarsu a bayansa.