Azumin Talata

Ko da zan manta da sunan kakata, ba na jin zan manta da Talatar da Malam Haliru ya faɗi a makewayi. Ku 'yan yanzu da kuke zuwa aiki da waya a hannu, in abu ya faru ku latsa a zo, ku saurara ku ji yadda muka yi shi babu kowa.

Gidan gajiyayyun da na yi aiki yana bakin gari, a kan hanyar da ta bar Wurno ta nufi Goronyo. Jama'ar gari ne suka gina shi, hukuma tana taimakawa da ma'aikata. Kun san a ƙasarmu abin kunya ne a ce tsohonka yana irin wannan gida, don haka waɗanda ke ciki mutane ne da ƙasa ta rufe wa kowa nasu, ko waɗanda danginsu suka watse bayan an yi dam an tashi ƙauyuka. Tsarin aikin mai sauƙi ne. Akwai Incaji, jami'in lafiya, shi ne babba, shi ke ba da magani. Ƙarƙashinsa mu biyu ne masu kula da jiki: ni Saratu ina ɓangaren mata, Ummaru yana ɓangaren maza. Wanka, juya wanda ba ya iya juyawa, rakiya bayan gida, duk namiji ga maza, mace ga mata. Sai Tumba mai dafa abinci.

To ga inda gizo ke saƙar. Da rani ana buɗe ruwan kanal na ban-ruwan gonaki ne kashi-kashi, kowane yanki da ranarsa, in ta wuce ka sai wani mako. Ummaru yana da ɗan fegin shinkafa, kuma ranar ruwansu Talata ce. Ba zan ci naman bawan Allah ba, mutum ne mai haƙuri da tsofaffi, amma duk Talata da hantsi sai ya saɓa fartanya ya ce yanzu zai dawo, kuma yanzun Ummaru la'asar ce. Incaji ya sani, yana kau da kai, don shi ma albasarsa tana can tana jiran ruwa.

A shekarar ne na lura tsofaffin maza sun tsiri azumi ranar Talata. Na kai fura da hantsi, kowa ya ce azumi yake. Har tsiya nake musu, in ce, "Baba, mu dai Litinin da Alhamis munka sani, wanga na Talata wane littahi yaz zo da shi?" Sai su yi murmushi su nuna Malam Haliru. Shi kuwa Malam mutumin Marnona ne, ɗan gidan malamai, ya hardace Alƙur'ani, ya karantar har ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa kuma duk sun riga shi gidan gaskiya. Wa zai yi musu da shi kan ibada? Na ɗauke ƙwaryata na ce Allah ya karɓa.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko kaza ba ta taka ƙasa. Ummaru yana gona, Incaji ya ce ya tafi karɓo magani, Tumba ta kai niƙa cikin gari. Dab da azahar ina shanya zannuwa sai na ji ƙarar buta ta bugi siminti, sannan wani nishi daga makewayin maza. Makewayin nan ba shi da rufi, katanga ce da ƙyauren kwano, ƙasansa siminti. Na ga wandon Malam rataye a kan katanga, yadda suke yi don a san da mutum a ciki.

Na matsa na ce, "Malam, lahiya?"

Ya ce, "Tsaya nan inda kike. Jiri yak kwashe ni, ƙuguna bai ɗaguwa. Kira min Ummaru."

Na ce, "Malam, yau Talata."

Ya ce, "To in jira shi."

Na sa tafin hannuna a simintin bakin ƙofa don in ji zafinsa, na janye shi da sauri. A kan wannan tsohon yake kwance, babu sutura, rana tana tsakar kansa, kuma tun asuba bai sa ruwa a bakinsa ba. Na ce zan shigo da mayafi a fuskata, ba zan kalle shi ba.

Ya ce, "Saratu, tun da mahaihiyata tab bar yi min wanka, mace ba ta ga tsiraicina ba in ba iyalina ba. In kinka taɓa ƙyauren ga ban yahe miki ba, duniya da lahira."

Ƙyauren nan ko sakata babu, da yatsa ɗaya zan tura shi, amma hannuna ya ƙi. Ni na tashi a gidan da ko takalmin malami ba a tsallakawa, yau ga mahardaci yana ɗora min wannan magana. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ina tsoron bakinsa, ina kuma tsoron a dawo a tarar da gawa, ni ina tsaye a bakin ƙofa da ƙafafuna biyu lafiya lau. Na ce, "Malam, ai ku kunka karantar da mu lalura na halatta abin da anka hana." Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Ba hukunci nike tambaya ba." Muryar ta riga ta fara yin ƙasa.

Na ruga ga randa, na ciko bokiti, na juya fuskata na watsa ta saman katanga. Na ji ruwan ya yi cuu a siminti. Na sake, na sake, har randar ta yi ƙasa. Na leƙa hanya ko zan ga namiji, babu ko akuya, duk mazan unguwar suna fadama. Mazan cikin gida kuwa daga mai shanyewar ɓarin jiki sai mai rawar hannu. Mutum ɗaya ne ke da sauran ƙarfi, Baba Arzika, tsohon masunci daga wajen Taloka, amma makaho ne.

Na je na kama sandarsa na ce, "Baba, tashi, Malam ya hwaɗi, kai kaɗai za ya bari." Na ɗora masa zanen gado a kafaɗa, na ja shi har ƙofa, na juya baya. Ina ji ya shiga yana lalube, ƙafarsa tana zamewa a ruwan da na zuba. Na rufe ido ina addu'a kada su zama biyu a ƙasa. Ya kira Malam, ba amsa. Ya sake kira.

Can ya ce, "Na ruhe shi. Amma ɗiyata, bai motsi."

Ban san lokacin da na shiga ba. Malam yana kwance ta gefe, idanu sun juye, leɓɓa sun bushe sun tsage, jikinsa da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na sa kunne a ƙirjinsa, na ji abu yana bugawa can nesa. Muka mirgina shi kan tabarma, ni ina ja ina faɗa wa Baba Arzika inda zai sa ƙafa, har inuwar dogon yaro. Gefen da ya kwanta a kai duk ya tashi bororo. Na jiƙa tsumma ina shafa masa a wuya da hammata, ina fifita, ina kiran sunan Allah. Da ƙyar ya buɗe ido.

Na haɗa ruwan gishiri da sukari na kai bakinsa, sai ya datse leɓe ya ce, "Azumi."

Nan Baba Arzika ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Wane azumi, Malam? Sha, asiri ya riga ya tonu." Sannan ya juyo inda yake jin numfashina ya faɗa min asalin azumin nan. Wata Talata, wani tsoho a ɗakinsu ya kasa riƙewa ya ɓata shimfiɗarsa, ya kwanta a cikin abin har la'asar, don ba zai kira mace ba. Ya yi ta kuka a gaban 'yan ɗakinsu. Daga nan suka yi shawara: in ba a ci ba, ba a sha ba, ba za a nemi bayan gida ba. Malam ne ya ce tun da dai za a sha ƙishirwa, a ɗaura niyya a sami lada. Watanni ina wucewa da ƙwaryar fura ina musu tsiya, su kuwa ƙishi ke cin su a wannan zafi.

Malam ya sha. Na tsare wata motar albasa a hanya aka kai shi asibiti, aka ce ƙugun ya karye. Da Incaji ya dawo ya fara cewa ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na ce, "Ranka shi daɗe, wanga tsautsayi duk mako shika zuwa, kuma mun san ranarshi." Bai ji daɗi ba, ni ma ban faɗa don ya ji daɗi ba. Maganar ta kai ga dattawan gari, aka ƙaro namiji na biyu, aka kuma kafa doka cewa ɓangaren maza ba ya zama babu namiji ko na tsawon sallah ɗaya. Ummaru ya yi kuka, ya sa ƙanensa yana yi masa ban-ruwa a gona ranar Talata.

Malam ya dawo amma bai sake takawa ba. Ni kuwa maganar da ya ɗora min tana nan a wuyana, ko abinci ba ya min daɗi. Talatar farko bayan dawowarsa na kai masa fura, na durƙusa na ce, "Malam, batun ƙyauren nan." Ya ce, "Ni makaho nis san ya shigo. Wadda tab biyo bayanshi ban gane ta ba, Allah shi yi mata albarka." Sai ya dubi ƙwaryar ya ce, "Wa ka aiki yau?" Na ce Ummaru yana nan, ga shi can yana wanke buta. Sai da ya ɗaga kai ya gan shi da idonsa sannan ya karɓi ludayin. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi masa cikawa.

Don haka ku da za ku riƙe wannan aiki bayanmu, ku sani tsofaffinmu ba sa kai ƙara. Za su mutu da ƙishi kafin su buɗe baki su ce an bar su ba mai kama su, kuma za su sa wa abin suna mai kyau don kada ku ji kunya. In kun kai wa tsoho ruwa ya ce ya ƙoshi, kada ku ɗauke kofin ku wuce. Ku fara duba wa ke bakin aiki a ranar.