Shuɗin da Aka Ɗauka na Yaye Ne

Har yau ban manta da ranar da Habsatu ta fara shigowa ɗakin shan magani na garin Isa ba. A ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa ne, ina sabuwar unguwarzoma, an turo ni daga Sakkwato in riƙa duba mata da jarirai. Ku da kuka tarar da asibiti mai ɗakuna barkatai, ku sani namu ɗaki ɗaya ne da rumfa. Malamin magani, wato shugabana, yana ganin maza a rumfa, ni ina bayan asabari da mata. Baturiyar sista kan zo rangadi jefi-jefi, ta duba kwalabenmu ta wuce Sabon Birni.

Ranar kasuwa ce. Wata tsohuwa, Inna Dije, daga wata ruga kusa da Turba, ta shigo rungume da jariri, matar ɗanta Habsatu na biye da ita kai a sunkuye. Ɗan fari ne, saboda haka kunya ba ta barin uwar ta ɗauke shi ko ta kalle shi a gaban mutane. Tsohuwar ce ta yi duk bayani. Yaro ya ƙi mama, da ya kama sai ya saki ya tsala kuka, su kuma a gida sun fara zargin nonon ne ya ɓaci.

Na buɗe bakinsa, na ga fari fat a harshe da cikin kumatu kamar guntayen kindirmo, amma ba ya goguwa. Kun san cutar, ita ce dai mai sa mata ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri. Yau kuna da maganin shafawa, da na cusawa, da ƙwayar haɗiya, har kuna yanga. Mu abu ɗaya gare mu, wani ruwa shuɗi da muke kira jibi, yadda muka ji Turawa na faɗin harufan sunansa.

Na leƙa na gaya wa malam abin da na gani, ya ce a ba su jibi. Inna Dije ta yi tsalle ta dire. "Jibi, malam? Yaron ga bai kai jibi in bai sha ba!" Sai da na ɗaga mata kwalbar ta gani sannan ta zauna, mu duka muna dariya.

Na naɗa auduga a tsinke na shafe wa yaron baki. Na duba uwar, kan nonon ya yi ja ya tsattsage, ita ma na shafa mata, don su biyun ke ba juna cutar. Na zuba kaɗan a ƙaramar kwalba, na ce wa tsohuwar safe da yamma, suka tafi.

Kasuwa ta zagayo, sai ga Habsatu ita kaɗai, da ƙwaryar nono a ka, da yaron a goye duk da kunyar ɗan fari. Ta zauna can gefe har matan suka watse. Da na kwance shi, bakin ya washe tas, amma yaro ya zama ba nauyi, idanu sun faɗa. Gaban zaninta kuwa jiƙe yake sharkaf. Na yi ta tambayarta abin da ya faru. Can, tana kallon ƙasa, ta ce, "Malama, wancan... shi ke nan an yaye shi?"

Sai a lokacin na gane. A wajensu, in za a yaye yaro, shafa wa nono wani abu ake yi mai ɗaci ko mai duhu don ya tsorata ya bari. Da tsofaffin ruga suka ga shuɗi a ƙirjinta, sai suka ce ai asibiti ma ta tabbatar nonon ya ɓaci, ga shi an yaye. Suka ci gaba da shafa maganin yadda na ce, ba fashi, suna ɗura masa madarar shanu da tsinkakken kunu, yana amayarwa. Babu mugu a cikinsu, duk ƙauna ce. Ita kuma tana zagayawa bayan bukka ta matse nononta a ƙasa, ba ta da bakin tambaya a gaban uwar miji. Da sunan talla ta samu ta fito. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Na ce mata nononta lafiya lau, shuɗin magani ne kawai. Na ɗora mata shi a cinya. Ya yi ta juya kai yana ƙananan kuka, na matsa masa kaɗan a leɓe, sai ya cafke. Ta dafe bango saboda zafi, hawaye na zuba, amma ba ta janye ba. Jim kaɗan ta ce a hankali, "Sauke asabarin ga, Malama. Za ni dubinai, kar wani shi gani." Na sauke, na juya musu baya ina wanke kwalaben da na riga na wanke.

Washegari malam ya ba ni izini na bi masu jakuna zuwa rugar, na yi wa Inna Dije bayani. Ta yi ta salati, ta cika mini ƙwarya da man shanu. Yaron ya rayu, ya yi ƙiba har goyonsa ya zama aiki.

Abin da na koya ke nan: a ƙasarmu mai kawo bayani daban, mai ciwon daban, kuma duk abin da kuka shafa, a gida sai an ba shi fassara. Tun daga ranar, in na sa wa mai jego shuɗi, ba na barin ta tashi sai ta ba ɗanta mama a gabana da gaban wadda ta rako ta.