Ranar da Baba Ya Yi Ɗuri Biyu

Babanmu maharbi ne a ƙasar da babu abin harbi. Daga ƙauyenmu har Kunci gona ce ke bin gona, ko zomo sai an sha wuya. Amma yana da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, yana kuma ji da ita kamar 'yarsa ta shida. Mu biyar ya haifa, duk mata. Ni kaɗai ce ba na toshe kunne in ya harba, sai ya koya min. Mutane suka yi ta surutu. Su suka jiyo.

Ban shiga aji ba sai da na haifi huɗu, amma rubutun da na fara karantawa a duniya tsaga biyu ce da Baba ya yi da wuƙa a jikin sandar ɗuri. In an zura sandar a bakin bindiga ta nutse har tsagar sama, babu komai a ciki. In ta tsaya a ta ƙasa, ɗuri ɗaya ne. "In kuwa kika ga ta ƙasan ma ta leƙo," in ji shi, "ɗuri biyu ne. Ajiye ta ki ja da baya, ko wane ne ya miƙo miki."

Da tsufa ya kama shi, na je gida wata kaka, gero ya nuna, tsuntsaye sun sauka masa. Inna ta ce min tun da sassafe ya ɗura bindigar zai je ya kore su, baƙo ya tsayar da shi. Da hantsi na fito na tarar da shi a zaure yana ɗurawa kuma. Lokacin ya fara tambayar abu sau biyu, amma babu mai iya faɗa masa.

Na ce, "Baba, ba ni in gani."

"Ki ga me?"

Na kama bindigar, na zura sandar. Tsagar ƙasa ta tsaya ƙiri-ƙiri a waje. In ya harba ta haka, a hannunsa za ta fashe.

"Biyu ne, Baba."

"Ke! Ni za ki koya wa ɗuri? Kina goye nake harbi."

"Kai ka yi tsagar nan, ba ni ba. Ko marina za ka yi, ba zan saki ba."

Muka yi ta ja, shi gindi ni tsakiya, Inna tana salati daga ƙofa. Da ya gaji ya ce to a gwada, in ji kunya. Muka je bakin gona, na ɗaure ta tamau a jikin ɗorawa, bakinta sama. Na zagaya na kori masu yankan ciyawa. Na ɗaura igiyar guga a kunamar da ake ja a harba, muka koma bayan tudu. Ya ce shi zai ja, bindigarsa ce.

Ƙarar ba irin wadda na sani ba ce. Da hayaƙi ya lafa muka tarar ƙarfen ya dare kamar kara, daidai inda yake riƙewa da hannun hagu.

Baba ya daɗe yana kallon hannun. Ya buɗe, ya dunƙule. Ni kuwa na zauna a kan kunyar gona ina alhamdu lillahi.

Can ya ce, "Tsuntsayen dai sun tashi."

Na yi dariya har da hawaye.

Da azahar ni na zuba masa ruwan alwala, ina kallon yatsun nan goma suna shiga tsakanin juna. Bai ce na yi daidai ba, bai taɓa faɗa ba har ya koma ga Allah. Amma da zan tafi gida, na tarar da sandar a cikin ƙunshin kayana.