Ƙwai Tara na Durgun Kaka

Kakata tana da wata kaza durgu, irin masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya sai ka rantse jan ciki suke yi. Ba ta da kyau ko kaɗan. Wuyanta a tsige, idonta ɗaya a kanne, ga masifa, don ta taɓa korar akuyar liman tun daga bakin rijiya har ƙofar masallaci. Amma kaka ta fi son ta a kan mu jikokinta duka a haɗe, har da ni da take kira maigida, irin wasan kaka da jika.

Akwai dalili. Ranar da aka kawo kaka Illela tana amarya daga wani ƙauye a bayan Konni, tun Nasara ba su zo sun raba ƙasa sun ce can na Faransi nan na Ingilishi ba, mahaifiyarta ta ba ta kaza durgu da zakaranta a cikin kwando. Iyayenta sun rasu, ƙauyen ma ya tashi, abin da ya rage mata na gidansu shi ne zuriyar kajin nan.

Bara waccan da bazara ciwon kaji ya shigo gari. Kaza za ta wayi gari lafiya, da hantsi ta saki fukafukai, kafin la'asar ta murɗe wuya. Kaka ta jiƙa musu barkono da ɓawon maɗaci, ta barbaɗa toka a akurki, duk a banza. Cikin kwanaki kaɗan aka kwashe mata su har da zakaran, sai wannan mai ido guda ta rage, ina jin ciwon ne ya ji tsoronta. Ita kuwa ta ci gaba da saka ƙwai a bayan randa, har ya kai tara, duka na marigayi zakara.

Kaka ta ce ba za ta bari a ƙyanƙyashe su a garin da iska ke kashe kaji ba. Za ta aika wa gwaggona, 'yarta da ke aure a Sakkwato, ta sa wa wata kazar ta kwanta musu. Ƙwan kwanci kuwa ba ya jiran ayarin jakai. Mutum ɗaya ne a garin nan ke kai wa Sakkwato cikin kwana biyu, shi ne mai wasiƙa, wani dattijo siriri kamar sandar kiwo, wanda ke ɗaukar jakar takardun Nasara tsakanin bakin iyaka da birni yana tafe da sassarfa. Kaka ta aika masa da goro, ya ce a kawo masa saƙon kafin la'asar, lokacin da zai kama hanya.

Idon kaka ya yi rauni, hannunta kuma yana rawa, don haka ni aka kira in shirya kayan. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni da na taɓa ɗaura wa sauro sirdi. Ta ce in rufe baki in buɗe kunne.

Ta zaunar da ni a kan tabarma ta koya mini abin da ban sani ba. Ƙwan ci daban, ƙwan kwanci daban. Na ci, ya ishe shi kada ya fashe. Na kwanci kuwa ko girgiza ba ya so, don akwai rai a ciki yana barci. Ba a wanke shi, in da kashi a jikinsa sai a kankare da busasshen kara. Ta sa na ɗauko ƙwarya mai zurfi na zuba ƙaiƙayin gero wanda ya bushe sarai. Kowane ƙwai na naɗe shi da auduga, na dasa shi tsininsa ƙasa faɗinsa sama, ta ce ta can ɗan tsako ke shan iska. Tsakanin wannan da wancan yatsa biyu. Kafin in naɗe kowanne sai ta karɓa, ta ɗiga masa shuni da ɗan yatsanta, ta yi masa bismilla. Na cika ƙwaryar da ƙaiƙayi har baki, na danna a hankali, na rufe da faifai, na lulluɓe da farin ƙyalle saboda rana, sannan na sa ta cikin ragaya don a riƙe ta a hannu tana lilo. Kaka ta sa kunne ta ce in ɗan motsa. Ba abin da ya yi ƙara.

Ta ce, "Maigida, yau ka yi abin kai. Tafi kai tsaye, kar ka tsaya ko gaida sarki."

Sarki ban gaishe shi ba. Amma a gindin tsamiyar bakin kasuwa na tarar da abokaina uku suna dara, ɗayansu ya ɗago kai ya tambaya ko kayan ɗakin amarya ne nake kai wa. Na tsaya. Na bayyana musu cewa abin da ke hannuna ko Nasara bai iya ɗaure kaya haka ba, in an jefo shi daga kan raƙumi ko ƙwai ɗaya ba zai tsage ba. Suka ce ƙarya. Na ce daga kan raƙumi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Suka ce in gwada su gani.

Har yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi. Ba wanda ya kama hannuna. Ni da kaina na kama igiyar ragayar na shiga juya ta bisa kaina kamar majajjawa, ina kirari. Na juya sau uku lafiya. A na huɗu ƙullin da na yi ya zame, ƙwaryar ta tashi ta daki gindin tsamiya.

Abokaina suka watse, ɗaya ma ya bar takalminsa. Na durƙusa na tona ƙaiƙayin. Gwaiduwa ta jiƙe shi ya zama kamar kwaɓin gini. Na zaro ƙwai biyu masu rai, sauran bakwai kuwa ɓawo da auduga kawai.

Abin da ya kamata shi ne in koma gida da biyun nan in faɗi gaskiya. Na san da haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma na tuna yadda ta ce na yi abin kai, sai na kasa. Na sa biyun a aljihu na bi hanyar Amarawa da gudu, na ci karo da wata Bafillatana mai tallan nono da 'yan ƙwayayen kaza a ƙaramar ƙwarya. Na tuɓe hulata ta sallah, sabuwa fil, na ce ta ba ni bakwai har da ƙwaryar. Ta dubi hular, ta dube ni, ta miƙo mini. Na biya marina na tsoma yatsa a shuni na ɗiga wa kowanne, na samo ƙaiƙayi a wani masussuki, na yagi auduga a rumfar wani masaƙi da ya tafi salla. Na sake shiryawa, tsini ƙasa, faɗi sama, yatsa biyu tsakani. Wallahi na biyun ya fi na farko kyau.

Mai wasiƙa ya karɓa da hannu biyu. Ya ce in gaya wa Inna ba zai ɗora a ka ba, a hannu zai riƙe har birni. Na ce to, Baba, idona a kan yatsun ƙafata. Da na koma gida kaka ta tambayi hulata, na ce guguwa ta ɗauke ta ta yi tafkin Kalmalo da ita. Ta yi dariya ta ce kifi ya samu ta zuwa Idi.

Bayan kwana shida durgu mai ido guda ta murɗe wuya. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta ce ba komai, 'ya'yanta tara suna Sakkwato. Kullum da safe sai ta jefa tsakuwa ɗaya cikin wani ɗan kasko tana ƙirga kwanakin kwanci, in ta jefa sai ta ce mini, maigida, saura kaza. Ni kuwa tuwo ya daina wuce mini. Na rame har mahaifiyata ta jiƙa mini sabara tana zaton shawara ce.

Sai da aka yi wajen mako biyar mai wasiƙa ya yi sallama a zauren gidanmu da hantsi. Kaka ta fito da sandarta, ni kuma na laɓe a bayan rumbu. Ya ce gwaggo tana gaisuwa, kuma shida sun ƙyanƙyashe. Kaka ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo. Sannan ya ƙara da cewa gwaggo ta ce a tambaya, ko durgun Inna sun canja hali ne? Don biyar daga ciki ƙafafunsu kamar na zalɓe, ɗaya tak ce gajera.

Kaka ta san kajinta. Durgu takan fitar da dogo ɗaya ko biyu, amma ba biyar cikin shida ba. Ta juya ta fuskanci dattijon nan a gaban mutane, ta ce ya faɗa mata a wace kasuwa ya sayar da ƙwanta, a Gwadabawa ko a ina. Ta ce ta ba shi amanar abin da uwarta ta bar mata ya musanya da na tallan nono. Ta faɗi maganganun da ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye jakarsa a ƙasa ya ce, "Inna, kwana ukku na yi a hanyar da nike yi kwana biyu, don ban yarda in yi sassarfa da kayanki ba. In rana ta take sai in zauna inuwa da su. Akawu ya zage ni gaban yara saboda latti, ban ce mishi komi ba. In kina so mu tai gaban alƙali in dafa Alƙur'ani."

Da na ji an ambaci Alƙur'ani sai ƙafafuna suka fito da ni daga bayan rumbu ba da shawarata ba. Na durƙusa a tsakar zaure na faɗi komai, da tsamiya, da raƙuma biyu, da hula, da marina. Ni da ke ƙara wa kowane labari gishiri, ran nan ko ƙwaya ban ƙara ba, don ba wurin ƙari. Wata maƙwabciya ta fara dariya a wajen raƙuman, ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye.

Na jira sanda. Ba ta zo ba. Kaka ta juya wurin mai wasiƙa, tsohuwa da ta haife shi a shekaru, ta dafa bango ta durƙusa da ƙyar ta ce ya yafe mata. Ya yi sauri ya ɗaga ta yana cewa subhanallahi, Inna, tashi. Wannan durƙuson nata ya fi mini bulala ɗari. Da yamma mahaifina ya ba ni bulalar ma, amma ita na manta zafinta.

Daga ran nan kaka ta daina ce mini maigida. Ba ta zage ni ba, ba ta hana ni fura ba. In tana son ruwa sai ta ce, kai yaro, miƙo mini moɗa. Na yi mata itace, na share mata ɗaki, na ba ta labarin kurar da na kora da tari, ko murmushi. Duk lokacin da mai wasiƙa ya iso gari takan aike ni in tambayo lafiyar 'yar gajerar nan, ni kuma in je in tsaya a gabansa kamar ɓarawon da aka aika gidan alƙali karɓo wuta. Yakan amsa mini da mutunci, abin da ya ƙara mini nauyi. Yau ya ce ta tsira daga shaho. Mace ce. Ta zama budurwar kaza. Har ran da ya ce ta fara saka.

Kaka ta kira ni ta ce ciwo ya bar gari, in bi Baba zuwa Sakkwato in ɗauko mata ƙwan da hannuna. Na bi shi. A tafiya ya yi sassarfarsa ta kullum, na isa birni harshena a waje kamar kare, tafin ƙafata duk ƙuraje. Gwaggo ta ba ni ƙwai biyar, ta tsaya a kaina ina shiryawa, ta ce ta ji labarin raƙuma. Duk Sakkwato ta ji, ina tsammani har Sarkin Musulmi. A dawowa mai wasiƙa ya wuce da jakarsa don kada a sake zaginsa saboda mu, ya haɗa ni da wasu fatake. Kwana uku ina riƙe da ragaya nesa da cinyata, hannun dama ya gaji in mayar hagu. Ko atishawa sai na ajiye ƙwaryar nake yi.

Aka ari kazar maƙwabta ta kwanta musu. Uban nasu zakaran birni ne mai dogayen ƙafafu, don haka kaka ta ce kada a sa rai da yawa. Uku suka fito, biyu dogaye, ɗaya gajere yana jan ciki a cikin ƙaiƙayi. Kaka ta ɗauke shi ta kai kusa da idonta, ta shafa ƙafafunsa da ɗan yatsa, ta daɗe tana dubansa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran ko za ta ce wani abu. Ta ce in kawo tsaki da ruwa.

Ya girma ya zama zakara, mummuna kamar kakarsa, mai masifa kamarta. Kaka ta raɗa masa suna maigida. Da safe in ta fito da tsaba a faifai ta kira maigida, mu biyu muke juyowa, shi ya taho da gudu yana jan ciki, ni kuma in yi kamar wani abu nake nema a ƙasa.