Alwalar Baba a Asibiti

Shekarun baya, ina koyon gyaran mota a Sabon Garin Gusau, ina da aboki ɗan Bungudu da muke gareji ɗaya. Ƙarshen wata shekara abokan aikinmu suka yi shagali na kwana uku. Ni dai shinkafa da kaza suka kai ni. Shi kuwa gorar lemon da ke hannunsa ba lemo ba ne a ciki, kuma na sani sarai.

Rana ta huɗu da hantsi na raka shi gida Bungudu. Muna shiga zaure ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Taɓa ka ji." Na ɗora hannu. Zuciyar ta yi gudu, ta ɗan tsaya, ta buga biyu a jere, kamar injin da fulogi ɗaya ya mutu. Allah Ya yafe mini, mamaki ya riga tsoro zuwa. Har kunne na kara, wai ni makaniki.

Innarsa ta ce iska ce, ta tashi neman garwashin hayaƙi. Babansa, dattijon da sahun farko ba ya wuce shi, ya ce a'a, asibiti za mu, Gusau.

Kun san mu da rakiyar mara lafiya, ba mai tsayawa waje. Duk muka ɗuru ɗakin likita. Likita ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya dubi takardar da na'ura ta fitar, ya ce, "Ka sha giya kwanakin nan?"

Abokina ya saci kallon babansa, ya ce, "A'a."

Ni da shegen son sani na ce, "Likita, me ya haɗa giya da zuciya? Ba hanta take ci ba?" Ya ce wanda ya ɗirka da yawa a 'yan kwanaki, ko lafiyayye ne, bugun zuciyarsa kan rikice. In ya daɗe a haka jini na iya daskarewa a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ya ce yana son gaskiya, don da ita zai san ta inda zai kama.

In na faɗa na tona asirin abokina gaban ubansa, in na yi shiru kuma ban san me zai same shi ba.

Sai Baba ya miƙe ya ce, "Likita, ina aka alwala nan?" Ƙarfe sha ɗaya fa na safe. Ya yafuto Inna suka fita tare, ya ja ƙofa. Nan abokina ya faɗi komai yana hawaye. Aka kwantar da shi, kashegari bugun ya daidaita, kuma tun ranar bai sake kusantar abin ba.

A ranar, da na fito daga ɗakin likita na sami Baba zaune gindin dalbejiya, buta cike a gefensa, ƙafafunsa a bushe. Ya ce, "Ya hwaɗi mai?" Na ce, "Ya faɗa, Baba." Ya ce, "To, alhamdulillahi."

Na je da tambaya kan zuciya ɗaya, na dawo ina mamakin wata. Har yau in na raka mutum wurin likita, da an fara tambayoyi nake fita. Baba kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa tayar wa ɗansa da maganar ba.